Wa Ke Da Sabon Alkawari? Muhawarar Kiristoci Kan Isra'ila, Ikkilisiya da Mulkin Allah

Duk mai riƙe da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya san an kasa shi biyu, Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, amma ba kowa ne ya taɓa tambayar inda sunan kashi na biyu ya samo asali ba. Ya fito ne daga bakin annabi Irmiya, a sura ta 31, aya ta 31 zuwa 34, kuma nan ne wuri ɗaya tak a cikin kashi na farko inda kalmomin biyu suka zo a haɗe. Irmiya ya rayu a kwanakin da Urushalima ta faɗa hannun Babila, wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da masarautar arewa ta riga ta tarwatse a hannun Assuriya tun shekara ta 722. Ga mutanen da ƙasarsu ke kuɓuce musu ne ya ce kwanaki suna zuwa da Allah zai yi wani alkawari dabam da wanda kakanninsu suka karya bayan fitowa daga Masar: zai rubuta shari'arsa a zukatansu, kowa zai san shi daga ƙarami har babba, kuma ba zai ƙara tunawa da zunubinsu ba. Annabin bai bar shakka game da waɗanda ake nufi ba, domin ya ambace su da suna, jama'ar Isra'ila da jama'ar Yahuza.

Bayan kusan shekara 600, a daren Idin Ƙetarewa, Yesu ya ɗaga ƙoƙo ya ce shi ne sabon alkawari a cikin jininsa, kamar yadda Luka 22:20 ya ruwaito. Duk waɗanda suke zaune a wurin Yahudawa ne, saboda haka har zuwa nan babu wata matsala. Matsalar ta taso ne sa'ad da Bulus ya miƙa wannan ƙoƙo ga masu bi na Koranti, waɗanda akasarinsu ba Yahudawa ba ne, ya kuma kira kansa da abokan aikinsa ma'aikatan sabon alkawari a 2 Korantiyawa 3:6. Wasiƙar Ibraniyawa kuma, a sura ta 8, ta kwaso maganar Irmiya gaba ɗayanta, wadda ita ce ɗauko mafi tsawo daga Tsohon Alkawari a duk Sabon Alkawari, ta ce Yesu ne matsakancinsa tun yanzu. To, wasiƙar da aka rubuta sunan wani gida a bayanta, yaya aka yi ake karanta ta a gidan maƙwabta kamar tasu ce? Shin an ƙwace ta daga masu ita ne, ko maƙwabtan aron ta suke yi kafin masu ita su waiwayo, ko kuwa an shigar da maƙwabtan cikin gidan ne? Amsar da mutum ya bayar ita take yanke masa yadda zai fahimci Mulkin Allah, da shekara dubu ta Wahayin Yahaya 20, da ƙasar alkawari, har ma da labaran Gabas ta Tsakiya da yake ji a rediyo.

Amsar da ta fara kafuwa a tarihi ita ce ta ƙwacewa. Romawa sun rushe Haikali a shekara ta 70, sun murƙushe tawayen Bar Kokba a 135, suka hana Yahudawa zama a Urushalima, kuma Kiristoci da yawa sun ga wannan a matsayin hukuncin da ya rufe zancen. Wajen shekara ta 160, Jastin Shahidi, haifaffen garin da yau ake kira Nablus, ya rubuta cewa masu bin Almasihu su ne Isra'ila ta gaskiya ta ruhu. Ikkilisiya ta ƙi bin Markiyon, wanda ya so a jefar da Tsohon Alkawari ɗungurungum, ta kore shi a Roma wajen 144, amma da ta riƙe littafin sai ta saba da wani rabo marar adalci, inda albarkun annabawa suka zama nata, la'anoninsu kuma suka zama na Yahudawa. Yahaya Kirisostom ya yi jerin wa'azi masu zafi a kan Yahudawa a Antakiya a 386 da 387. Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya sassauta, ya kafa hujja da Zabura 59:11 cewa kada a kashe su, domin a warwatse suna zama shaidar gaskiyar Nassi, shi ne kuma ya kafa fahimtar cewa shekara dubu ita ce zamanin ikkilisiya da ake ciki. Martin Luther kuwa, a 1543, ya kai ga ba da shawarar a ƙone majami'unsu. Babu Kirista mai gaskiya da zai karanta wannan tarihi, ya tuna da Yahudawa kusan miliyan 6 da aka hallaka a Turai a zamanin Hitila, ya ce koyarwa ba ta da hannu a cikin share fagen.

Sai dai ba daidai ba ne a ɗora wannan duka a kan waɗanda ake kira masu tauhidin alkawari, wato magadan Kalbin (John Calvin, jagoran gyaran ikkilisiya a ƙarni na 16), ko da yake abokan hamayyarsu suna yawan yi musu laƙabi da masu koyar da maye gurbi. Abin da suka rubuta a Shaidar Bangaskiya ta Westminster, wadda aka kammala a Ingila a 1646, shi ne cewa alkawarin alheri ɗaya ne tun daga farko, sai dai an gudanar da shi ta hanyoyi dabam a zamanin shari'a da zamanin bishara. A ganinsu jama'ar Allah ɗaya ce tun daga Ibrahim, ta fara a cikin zuriya ɗaya, sa'an nan ta faɗaɗa. Suna nuna Galatiyawa 3:29, inda duk na Almasihu ya zama zuriyar Ibrahim kuma magaji, da Afisawa 2, inda aka rushe katangar da ta raba Bayahude da ba'al'umme aka mai da su sabon mutum ɗaya, da 1 Bitrus 2:9, inda sunayen da aka ba Isra'ila a Dutsen Sinai suka sauka a kan masu bi. Kuma da yawa daga cikinsu ba su fid da rai ga Yahudawa ba: babban littafin tambaya da amsa na Westminster, a bayaninsa na roƙon nan na Mulkinka ya zo, ya sa a yi addu'a a kira Yahudawa, a kuma shigo da cikar al'ummai.

Amsa ta biyu ta zo ne a ƙarni na 19 ta hannun John Nelson Darby, wanda ya rayu daga 1800 zuwa 1882, tsohon limamin Anglikan a ƙasar Ailan da ya zama jigo a cikin 'Yan'uwa na Plymouth. Darby ya koyar cewa Allah yana da jama'a biyu da shiri biyu, Isra'ila mai alkawuran ƙasa da sarauta a duniya, da ikkilisiya mai kira na sama, wadda annabawa ba su hango ta ba. Yesu ya miƙa wa Isra'ila mulkin Dawuda, ta ƙi, sai aka ɗage shi; zamanin ikkilisiya ratse ne a tsakiyar hanya, zai ƙare da fyaucewa, wato ɗauke masu bi zuwa sama, sa'an nan Allah ya koma kan Isra'ila, a bi ta babban tsanani, Almasihu ya dawo ya yi sarauta shekara dubu daga Urushalima. Wannan koyarwa ta rabe-raben zamanai ta bazu a Amurka ta hanyar Littafi Mai Tsarki mai bayanan Scofield, wanda ya fito a 1909 ya kasa tarihi zamani bakwai, da kuma makarantar tauhidi ta Dallas da Lewis Sperry Chafer ya kafa a 1924. A 1965 Charles Ryrie ya bayyana cewa ginshiƙin tsarin shi ne bambanta Isra'ila da ikkilisiya da kuma ɗaukar annabci bisa zahirin lafazinsa.

Ƙarfin wannan ra'ayi a fili yake, kuma Bahaushe da ya san alkawari kaya ne zai gane shi nan take. Irmiya bai tsaya a aya ta 34 ba. Ya ci gaba da cewa sai in ka'idar rana da wata da taurari ta gushe ne zuriyar Isra'ila za ta daina zama al'umma a gaban Allah, har ya ambaci iyakokin birnin da za a sāke ginawa, daga hasumiyar Hananel zuwa Ƙofar Kusurwa. Masu raba zamanai suna tambaya: idan Allah zai iya yi wa mutum alkawarin gona, sa'an nan ya ce ai wani mutum yake nufi kuma ba gona ta zahiri ba, me zai hana ya sāke ma'anar alkawarin da ya yi wa Kirista gobe? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ina ganin duk wanda ya wuce ta da sauri bai ji ta ba.

Amma a kan sabon alkawarin ne ainihin tsarin ya yi tuntuɓe, abin da ya sa malamansa suka rabu a tsakaninsu. Idan alkawarin na Isra'ila ne kawai kuma na nan gaba, me masu bi suke sha a Jibin Ubangiji? Darby ya ce alkawarin na Isra'ila ne, ikkilisiya tana cin moriyar jininsa ba tare da ta zama ɓangare a cikinsa ba. Scofield ya ce alkawari ɗaya ne mai fuska biyu. Chafer, don ya tsare katangar, ya kai ga cewa sababbin alkawura biyu ne, ɗaya na Isra'ila, ɗaya na ikkilisiya, ra'ayin da ya kasa tsayawa domin Ibraniyawa 8 da 10 sun ɗauko Irmiya ne da kansa suka ɗora a kan masu bi na yanzu. Daga baya, a farkon shekarun 1990, Craig Blaising da Darrell Bock da Robert Saucy suka fito daga cikin gidan suka amince cewa an riga an ƙaddamar da sabon alkawari, ikkilisiya tana cikinsa sosai, jama'ar da aka fansa kuma ɗaya ce, ko da yake sun riƙe cewa Isra'ila a matsayin al'umma tana da rabonta a gaba.

Haka zancen Mulki ya bi. A Ayyukan Manzanni 1:6, bayan kwana arba'in da Yesu ya yi yana koya musu al'amuran Mulkin Allah, almajiran suka tambaye shi ko yanzu ne zai mayar wa Isra'ila da mulki. Kalbin ya ce kurakuran da ke cikin tambayar sun kai yawan kalmominta. Masu raba zamanai kuwa suka lura cewa Yesu bai tsawata wa begen ba, lokacin kawai ya ce ba nasu ba ne su sani, kuma a nan ina ganin sun fi kusa da nassin. Sai dai sura ta gaba ta juyo musu, domin a ranar Fentikos Bitrus ya haɗa rantsuwar da Allah ya yi wa Dawuda game da gadon sarautarsa da tashin Yesu daga matattu da zamansa a hannun dama na Allah. A sura ta 15 kuma Yakubu ya ɗauko Amos 9, zancen sāke gina bukkar Dawuda da ta faɗi, ya ce shigowar al'ummai ta yi daidai da shi. Mulkin da aka ɗage gaba ɗaya ba ya jituwa da waɗannan wurare. George Eldon Ladd, malami a makarantar Fuller, shi ne ya yaɗa a shekarun 1950 fahimtar da yau ɓangarorin biyu suka fi karkata gare ta, cewa Mulkin ya riga ya shigo ta wurin Yesu amma bai kai cikarsa ba tukuna, kamar damina da ta faɗi an yi shuka, kaka kuwa tana gaba.

Wurin da Sabon Alkawari ya fuskanci tambayar kai tsaye shi ne Romawa 9 zuwa 11, kuma misalin da Bulus ya kawo mai lambu zai fi malamin makaranta saurin gane shi. Itacen zaitun ɗaya ne. An sare waɗansu rassansa saboda rashin bangaskiya, aka kawo rassan zaitun na jeji aka ɗaura musu aure a jikinsa. Wanda ya taɓa aurar da mangwaro ya san yadda ake yi: reshen iri mai kyau ake ɗaurawa a kan kututturen da ba shi da daraja, domin a sami 'ya'ya masu daɗi. Bulus ya juya abin da gangan, ya ma faɗa a 11:24 cewa saɓanin al'ada ne, domin a nan kututturen ne mai daraja, reshen da aka kawo shi ne na jeji. Daga nan ya gargaɗi ba'al'umme kada ya yi wa rassan asali fahariya, gama saiwar ce take ɗauke da shi, ya ƙara da cewa Allah yana da ikon mayar da waɗanda aka sare, kuma mayar da su ya fi sauƙi tunda itacensu ne. Wannan misali bai bar wa koyarwar ƙwacewa wuri ba, domin ba a tumɓuke tsohon itace an dasa sabo ba, kuma waɗansu rassan asali, irin su Bulus kansa, ba a taɓa sare su ba. Bai bar wa koyarwar jama'a biyu wuri ba, domin ba a dasa wa al'ummai nasu itacen a gefe ba. A fahimtata amsar tambayar wasiƙar ke nan: an yi sabon alkawari da Isra'ila kamar yadda Irmiya ya faɗa, ta hannun Almasihunta da manzanni goma sha biyu Yahudawa, aka kuma shigo da baƙi cikin gidan suka zama 'yan gado.

Saura jimlar 11:26, cewa ta haka dukan Isra'ila za su sami ceto. Kalbin ya ɗauke ta a kan dukan jama'ar Allah, Yahudawa da al'ummai. Waɗansu malaman Holan, irin su Herman Bavinck, sun ce jimillar Yahudawan da suke ba da gaskiya ne a tsawon tarihi. Charles Hodge da John Murray, waɗanda su ma masu tauhidin alkawari ne, sun yarda da masu raba zamanai a nan cewa ana nufin wata babbar juyowar Yahudawa a gaba. Abin da ya rinjaye ni zuwa ga na ukun shi ne aya ta 28 da 29, inda aka kira mutanen nan maƙiya ta fuskar bishara amma ƙaunatattu saboda kakanni, aka ce baiwar Allah da kiransa ba a janye su. Ba za a iya kiran ikkilisiya maƙiyiyar bishara ba, don haka Isra'ilar da ake zance ita ce ta jini. Waɗannan ayoyi ne Majalisar Batikan ta Biyu ta kafa hujja da su a watan Oktoba na 1965, ta ce kada a nuna Yahudawa a matsayin waɗanda Allah ya ƙi ko ya la'anta, Paparoma John Paul na Biyu kuma ya yi zancen alkawarin da ba a taɓa sokewa ba a birnin Mainz na Jamus a 1980. Takardar da Batikan ta fitar a 2015 ta riƙe wannan, ta kuma ƙi ra'ayin cewa hanyoyin ceto biyu ne.

Rafukan nan biyu, na masu raba zamanai da na masu tauhidin alkawari, duka sun kwararo zuwa arewacin Najeriya, shi ya sa muhawarar ba baƙuwa ba ce a majami'unmu ko da ba a san sunayenta ba. Mishan ta SIM, wadda ta fara a 1893 kuma ECWA ta fito daga aikinta a 1954, ta sami ma'aikata da yawa daga makarantun Littafi Mai Tsarki na Amurka da Kanada inda koyarwar fyaucewa da shekara dubu take da ƙarfi, kuma Byang Kato, malamin tauhidi na ECWA ɗan Kwoi, a Dallas ya yi digirinsa na uku. A wancan gefen, mishan masu bin Kalbin sun yi aiki a ƙasar Tibi tun 1911, da kuma kewayen Takum, inda Johanna Veenstra ta zauna a Lupwe, daga nan ikkilisiyoyin NKST da CRCN suka fito. Har bambancin baftismar jarirai yana da jijiya a nan, domin masu yi wa manya kaɗai suna kafa hujja da cewa a sabon alkawari kowa zai san Ubangiji, masu yi wa jarirai kuwa suna cewa alkawarin Ibrahim ya haɗa da 'ya'ya kuma ba a soke wannan ba. Ga kuma dubban masu ziyarar ibada da suke zuwa Urushalima su dawo suna ƙara JP, wato wanda ya ziyarci Urushalima, a bayan sunansu, waɗanda yawancinsu suke ganin ƙasar Isra'ila ta yau da ta Littafi Mai Tsarki abu ɗaya ne.

A kan wannan batu na ƙasa ne muhawarar ta fi zafi, domin ta bar aji ta shiga siyasa. Tun 1891, shekara shida kafin taron farko na 'yan Sahayoniya a Basel, William Blackstone ya miƙa wa shugaban Amurka Benjamin Harrison takardar roƙo a mayar da Yahudawa Falasɗinu. Kafa ƙasar Isra'ila a ranar 14 ga Mayu, 1948, da kama gabashin Urushalima a watan Yunin 1967, sun zama wa miliyoyin Kiristoci cikar annabci a idonsu. Amma a yaƙin 1948 ɗin Falasɗinawa kimanin 700,000 suka rasa gidajensu, cikinsu har da Kiristoci waɗanda majami'unsu sun girmi na Turai, kuma a Disamban 2009 waɗansu shugabannin Kiristocin Falasɗinu suka fitar da wata sanarwa a Baitalami suna kuka cewa ana amfani da Littafin da suke ƙauna a halatta korarsu.

Abin lura shi ne, Bulus, wanda ya fi kowa nacewa cewa Allah bai ƙi jama'arsa ba, bai ambaci iyakar ƙasa ba a cikin surori ukun nan na Romawa 9 zuwa 11. Begen da ya sa a gaba shi ne a mayar da rassa jikin itace ta wurin bangaskiya. A Romawa 4:13 ma ya ce alkawarin da aka yi wa Ibrahim na gādon duniya ne. Masu ɗaukar kowane annabci bisa zahiri suna da nasu cikas a Ezekiyel 40 zuwa 48, inda akwai Haikali da hadayun dabbobi, alhali Ibraniyawa 10:18 ta ce inda aka gafarta zunubi babu sauran hadaya, kuma amsar da suke bayarwa cewa hadayun na tunawa ne ita kanta ta kauce wa zahirin lafazin. Saboda haka ina ganin mutum zai iya gaskata cewa Yahudawa suna da makoma a shirin Allah, ya ƙi ƙiyayyar da aka yi musu da sunan Almasihu, ya yarda suna da haƙƙin zama lafiya, ba tare da ya ɗauki matakan wata gwamnati a matsayin abin da ba a tambaya ba. Annabawan da suka yi alkawarin ƙasar su ne suka fi kowa tuhumar sarakunanta. Littafin Firistoci 25:23 ya ce ƙasar ta Ubangiji ce, Isra'ilawa baƙi ne masu zama a wurinsa. Ezekiyel kuma, a cikin wahayin nan da masu raba zamanai suke jiran cikarsa, a 47:22 da 23, ya umarta cewa sa'ad da za a raba ƙasar, baƙin da suke zaune a cikinta suka haifi 'ya'ya a ɗauke su kamar haifaffun Isra'ila, a ba kowannensu gādo a cikin kabilar da yake zaune.